Ma'aunin da Ya Faɗi Abin da Uwa Ke So

A wani zamani, zazzaɓi mai yaɗuwa ya shiga wani gari. 'Yar malamar asibiti, ita kaɗai Allah Ya ba ta, ta kamu. Aka keɓe ta a asibiti, ba fita sai zafin jiki ya sauka. Kwana tara uwar na komawa gida ta tarar da tabarmar yarinyar a naɗe.

Ran na goma ta auna ta, ma'aunin zafi ya nuna lafiya lau.

"Inna, yau zan bi ki gida?" in ji yarinyar.

Zuciyar uwar ta ce e, amma goshin yarinyar da ɗumi. Sai ta tsoma ma'aunin a ruwan ɗumi tare da babban ma'aunin da ake gwada sauran da shi. Ta duba, ta sake dubawa. Nata ya nuna ƙasa da na babban.

Ba wanda ya gani. Ta tuna yaran maƙwabta da za su iya kamuwa, ta ajiye ma'aunin don gyara, ta auna da wani. Zazzaɓi na nan.

"Ba yau ba, 'yar lele," ta ce. "Amma matso in fara miki kitson komawa gida."