Yaron da Inna Ta Shayar

"Kada ka ce mini masoyiya yau, Abdurrahman..."

Ya tsaya a ƙofar ɗakin karatu na Tasawa, riƙe da littafin da ta zaɓa masa makon jiya. Raihana ce ke kula da ɗakin. Kowace Asabar takan rubuta a allo littafin da ya kamata a karanta, a ƙarƙashinsa kuma ɗan tarihin gari da ta ji daga bakin tsofaffi. A gaban allon nan suka fara gardama, gardamar ta kai su ga baiko.

"Me na yi, hasken idona?"

"Ba kai ba ne. Jiya na je Maijirgi wajen Iya Bintu, maƙwabciyarmu ta da, don ta ba ni labarin shekarar fari."

Ta dube shi, ta ci gaba.

"Ta ce makiyayan Issawane sun sauka bayan gidanmu. Nonon wata mata ya ƙafe... marigayiya Innata ta karɓi jaririn, ta shayar da shi tare da yayata har damina ta sauka. Ɗan Na Allah, in ji ta."

Na Allah mahaifin Abdurrahman ne. Ya zauna a hankali. In shi ne jaririn, Raihana ƙanwarsa ce ta nono, aure ya haramta.

"Wa ya ji bayan ke?"

"Babu kowa. Na so in yi shiru, wallahi na so."

"To me ya hana ki?"

"Kai. Ba zan iya kallon idonka shekara da shekaru ina ɓoye maka wannan ba."

Ya miƙe tsaye.

"Mu biyu aka haifa a jere, ni da wana Sidi. Tashi mu je, kowane ne a cikinmu mu ji."

Sun sami Iya Bintu tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Ta ƙare masa kallo.

"Kai ne angon? Miƙo hannu, ɗan nan."

Ya miƙa. Ta juya shi, ta shafa gefen ƙaramin yatsa, ta karɓi ɗayan ta shafa.

"Ba kai ba ne. Wancan mai cindo ne, yatsa shida. Da shi yake damƙe zanen uwarki in yana sha."

"Sidi..." Abdurrahman ya faɗa, dariya da hawaye suka zo masa tare. "Har yau yana nan a hannunsa na hagu."

Liman ya tabbatar musu haramcin a kan wanda ya sha yake, bai taɓa ƙanensa ba.

Ranar kai amarya, Sidi ya tare ƙofa ya ɗaga hannun hagu.

"Ƙanwata ce. Ka sa ta kuka, da ni za ka yi."

Asabar ta gaba Raihana ta rubuta labarin Innarta a allo. Abdurrahman ya karanta har ƙarshe, sannan ya matso.

"Yau an yarda in faɗa?"

Ta ɗora masa sabon littafi a hannu.

"Faɗi, ina ji."