Jakar da Ba Ta Isa Miga Ba

"Umma, mece ce 'yar damfara?"

Zinariya ta ajiye ludayin miya. Mashkura, 'yarta mai shekara shida, tana tsaye a ƙofar kicin, ko jakar makaranta ba ta sauke ba.

"A ina kika ji wannan?"

"Ziyad ne ya ce mamansa ta ce ke ce. Kuma ya ce kada kowa ya ƙara cin biskit ɗina."

Kwana uku ke nan da faruwar abin. Zinariya tana sayar da kayan jarirai ta waya daga gidanta a unguwar Takur da ke Dutse. Madam Cecilia, ma'aikaciyar jinya a Miga mai cikin wata tara, ta tura mata naira dubu arba'in da takwas na bahon wanka, shawul biyu da rigunan sanyi. Zinariya ta ɗinke su cikin jakar bakko, ta kai tasha ranar Litinin da safe, ta damƙa wa direba. Jaka ba ta isa ba. Washegari Cecilia ta saki saƙon murya mai zafi a zauren matan Dutse na waya, inda mata kusan ɗari huɗu suke.

A ranar Zinariya ta mayar mata da kuɗinta cif. Mijinta ya ce, "Direba ya ɓatar, ke za ki biya?"

"Ni ta ba kuɗi, ba direba ba. Har kaya su shiga hannunta, amana a wuyana take."

Amma mayar da kuɗin bai wanke ta ba. Cewa aka yi don an tona ta ne ta amayar. Ta haɗiye wannan. Abin da ba za ta haɗiye ba shi ne a riƙa gudun biskit ɗin 'yarta.

Da safe ta kai Mashkura makaranta, ta wuce tasha. Sai da ta yi awa biyu a kan benci kafin Malam Idirisu, dattijon direban, ya shigo.

"'Yata, na gaya miki ta waya, na ba mai kaya kayanta."

"Baba, a ina kuka ba ta?"

"Ko gari ban bari ba. Mace ta kira ni, ta ce ita ce Cecilia, ta shigo Dutse awon ciki, kada in wahala. Ta turo mai adaidaita ya karɓa a bakin titi."

"Kuka ba shi haka kawai?"

"Shekarata ashirin a hanyar nan, haka ake yi. Wanda ya san sunan mai kaya, ya san lambata, shi ne mai kaya. Ita har abin da ke ciki ta faɗa, baho ruwan hoda."

Zinariya ta ɗago kai. Jakar a ɗinke take, kuma ba ta taɓa gaya masa abin da ke ciki ba. Ta roƙe shi ya nuna mata kiran. Ƙarfe tara da minti hamsin da biyu, baƙuwar lamba. Ta kwafe ta. Dattijon da ya ci kaya ba zai miƙa wayarsa da sauƙi haka ba.

Saura Cecilia. Ba abin mamaki ba ne mai saye ya karɓi kaya ya ce bai gani ba. Zinariya ta buɗe hirarsu. Ta tura mata lambar direba ƙarfe tara da arba'in, amma saƙon bai shiga wayarta ba sai ƙarfe ɗaya da kwata. Ta kira ta.

"Madam, ba faɗa na kira ba. Ranar Litinin da safe ina wayarki take?"

"A kashe cikin loka. Ina aiki a ɗakin haihuwa tun asuba. Me kuma ya faru, Maman Mashkura? Ai na ga kuɗina."

"Kin ga kuɗinki, ni ban ga sunana ba."

Wadda ba ta san lambar direba ba sai bayan azahar ba za ta kira shi da hantsi ba. Cecilia ta fita daga zargi.

Ta kira baƙuwar lambar, ba a ɗaga ba. Zinariya ta shigar da ita manhajar tura kuɗi, irin wadda lambar waya take zama lambar asusu, kamar za ta tura naira ɗari. Suna ya fito: Abdulbaƙi. Ta san shi. Mai adaidaita ne da ke tsayawa a bakin layinsu.

Ta same shi yana goge gilashi.

"Abdulbaƙi, jakar bakko nawa ka karɓa daga motar Miga ranar Litinin?"

"Ɗaya. Lafiya, Hajiya?"

"Ka sace ta ne ko aiken ka aka yi? Ka zaɓa, kafin 'yan sanda su zaɓa maka."

Tsumma ya faɗi daga hannunsa. "Wallahi aike na aka yi! Anti Murja ce ta ari wayata, ta ce katinta ya ƙare. Ta yi magana daga gefe, ta ce in je in karɓo mata saƙo. Ɗari biyar ta ba ni."

Murja. Maƙwabciyarta, gida na uku. Wadda take shigowa aron dutsen guga, take ɗaukar hotunan kayan Zinariya tana tallata su da ƙarin riba. Wadda ta fi kowa yi mata jaje a zauren.

Zinariya ta yi sallama ta shiga. Baho ruwan hoda yana jingine a tsakar gida, an ɗauke shi hoto an gama.

"Maman Mashkura! Ya haƙuri? Mutanen tasha ba su da tsoron Allah."

"Wannan bahon fa?"

"Daga Kano na saro shi jiya."

"Kifa min shi."

"Don me?"

Zinariya ta kifa da kanta. A gindinsa akwai ƙaramin harafin C da jan farce. Haka take yi wa duk kayan da aka biya, don kada ta haɗa na wata da na wata.

"A Kano ne aka rubuta wa Cecilia suna?"

Murja ta zauna a kan turmi. "Zan biya. Don Allah kada a ji."

"An riga an ji. Har 'yan aji ɗaya sun ji, sai dai sunana suka ji, ba naki ba."

Yadda aka yi kuwa, Zinariya ta gano tun a tasha, kuma shi ya fi ƙona mata rai. Al'adarta ce ta rubuta sunan mai kaya da lambar direba a jikin jaka, ta ɗauki hoto ɗaya, ta tura wa mai saye, sannan ta ɗora shi a sitatus ɗin wayarta, inda duk mai lambarta ke gani, tare da hoton kayan: "Saƙon Miga ya tafi, Alhamdulillah." Don mutane su ga tana cika alkawari take yi. Suna, gari, lambar direba, launin baho, duk ita ta shimfiɗa su. Cikin minti goma sha biyu Murja ta tattara.

Ba ta kai ta caji ofis ba. Sharaɗi ɗaya ta kafa: Murja ta faɗi abin da ta yi, da bakinta, a zauren da aka ɓata ta. Ta kuwa faɗa. Cecilia ma ta saki nata saƙon tana ba da haƙuri, ta sake biyan kuɗin, Malam Idirisu ya kai kayan da aka karɓo daga gidan Murja kyauta har ƙofar asibiti.

Zinariya ta duba adadin waɗanda suka saurara. Zagin, mata ɗari uku da saba'in. Wankewar, casa'in da ɗaya. Ta jefa wayar a jaka, ta ɗauki mayafi, ta je gidan su Ziyad da ƙafarta, ta kunna wa mamansa saƙon Murja a gaban yaron.

Washegari Mashkura ta dawo da robar biskit babu komai a ciki, 'yan ajinsu sun cinye.

Ke mai sana'ar waya, idan kaya suka ɓace, mayar wa mai saye kuɗinsa, haƙƙinsa ne. Amma ki sani kuɗi kaɗai kike iya mayarwa. Kada ki ƙara ɗora hoton saƙo a sitatus da suna da lamba a fili. Ki gaya wa direba lamba ɗaya tak da zai amsa wa, ko uwar mai kaya ce ta kira da wata lamba kada ya bayar. Ba duk mai kallon sitatus ɗinki ke taya ki murna ba, kuma abin da aka faɗa a kanki yau, gobe a ajin 'yarki za a maimaita shi.