Safar da Ta Ci Kofi

Ranar Lahadi da hantsi aka kira ofishin 'yan sanda na Khalidiyya, aka ce an yi sata a ginin ƙungiyar besbol ta Suƙurul Harra. Da Sufeto Abdulrauf ya ji sunan, bai bari an tura kowa ba, shi ya ɗauki mota da kansa.

Yana da dalili. A filin nan ya tashi. Ƙungiyar kuwa wani Bahaushe ne, marigayi Ɗan'inna, ya kafa ta bayan ya koyo wasan a wurin Turawan kamfanin mai a gabas. Ya dawo Madina da sanduna biyu da ƙwallo uku, ya tara 'ya'yan Hausawa a wani fegi a Ƙuba, mutane suna ta yi masa dariya. Yau ƙungiyar tana biyan 'yan wasa albashi. Kuma duk tarihinta a kan rana ɗaya yake tsaye: ranar da ta ci kofin farko shekara talatin da suka wuce, da jifan Kaftin Muhyiddeen.

Kaftin ɗin ne shugaban ƙungiya yanzu, shi ya tari sufeton a bakin ƙofa. Abdulrauf ya sumbaci kansa kamar yadda ya saba tun yana ɗan shekara goma.

"Me aka ɗauka, ya ammi?" Haka yake kiransa da Larabci, wato baffana.

"Safar hannuna. Wadda na ci kofi da ita."

Ya kai shi ɗakin tarihi da ake shiryawa don bikin cikar kofin shekara talatin ranar Juma'a. Akwatin gilashi na nan lafiya, ba a fasa ba. A ciki babu komai sai wani hannun katako a tsaye. Kofin azurfa na gefe, ba wanda ya taɓa shi.

"Wa ke riƙe da makulli?"

Kaftin ya shafa kafaɗarsa ta dama. Kowa ya san kafaɗar nan. Ita ce aka ce ta goce a wasan ƙarshe, tun daga ranar bai ƙara jifa ba.

"Sagiru," in ji shi. "Mai kula da gini."

Sagiru mutumin Maraɗi ne, shekararsa shida yana shara da ban ruwa a filin. Ya ce makulli bai bar aljihunsa ba, kuma bai ga kowa ba. Kyamarar ɗakin a kashe take tun ranar Asabar da azahar. Abdulrauf bai ɓata lokaci ba: ga baƙo, ga makulli, ga Kaftin da ido ya yi ja. Kafin azahar Sagiru yana bayan kanta.

Gaskiyar magana, sufeton ya ji daɗin kansa a ranar. Gani yake ya rama wa malaminsa alheri.

Ranar Talata takarda ta iso teburinsa. Idan ya sa hannu, za a soke igamar Sagiru, wato takardarsa ta zama da aiki, a miƙa shi tarhil, gidan da ake tara waɗanda za a kora ƙasarsu. Ya ɗauki biro ke nan aka ce wata mata tana son ganinsa.

Tasallah ce, matar Sagiru. Ba ta yi kuka ba, abin da ya fi damunsa ke nan.

"Ranka ya daɗe, ni ban zo roƙo ba. Tambaya gare ni. Ɓarawo ya bar azurfa ya ɗauki tsohuwar fata? A wace kasuwa zai sai da ta?"

"Bincike muke yi, Hajiya."

"To ku bincika wannan. Shekara shida mijina bai taɓa shigowa gida kahin magariba ba. Ran Asabar sai ga shi da azahar, wai an ba shi hutu. Na ce ina makullanka da ke ƙara a ƙugu? Ya ce in yi shiru."

Abdulrauf ya ajiye biron. Ya sa aka fito da Sagiru.

"Wa ya ba ka hutu ranar Asabar?"

"Ba kowa."

"Kai ka ba kanka?"

Sagiru ya sunkuyar da kai.

"Ka san tarhil za a kai ka?"

"Na sani. In na yi magana ma can za ni, ranka ya daɗe. Mai sa hannu a igamata mutum guda ne. Wa zai yarda da ni a kansa?"

Mutum ɗaya ne ke ba da hutu a ƙungiyar, kuma Abdulrauf ya san shi. Amma zuciya ba ta son abin da ba ta so, sai ya ce wa kansa ai mutum ba ya satar kayansa.

Ranar Laraba ya koma ginin, ya sami Wafa, jikar Ɗan'inna, wadda ke shirya ɗakin tarihin. Haifaffiyar Madina ce, tana jin Hausa ras, amma in za ta mayar sai ta haɗa da Larabci.

"A ina safar take duk shekarun nan?"

"A sanduƙin jaddi, kakana. Da ya rasu muka buɗe, muka same ta da 'yar takarda: safar da ta ci kofi. Bas, iyakar abin da ya rubuta ke nan."

"Kaftin ya yi murna da ya gan ta?"

"Wallahi ko taɓa ta bai yi ba. Na ce ko tuna baya ne. Sai ran Alhamis na gaya masa mufaja'a, ba-zatar da muka shirya, ya ce ba ya so, na ce khalas an riga an buga a takardar gayyata."

"Wane shiri ne?"

Ta yi masa bayanin abin da ya riga ya sani. Al'adar wasan ce, a babbar rana a kira wani mai daraja ya yi jifan farko. Ranar Juma'a Kaftin zai sa tsohuwar safarsa a gaban jama'a da kyamarori, ya jefa ƙwallo sau ɗaya.

Abdulrauf ya tsaya yana kallon hannun katakon da ke cikin gilashi. Ya ɗaga nasa hannun ya gwada. Sai ya sake gwadawa.

"Wannan ai hannun dama ne."

"Aiwa. Na fara sayo na hagu, safar ta ƙi shiga, na mayar aka canja mini."

Ita ba 'yar wasa ba ce, ba ta ga komai a ciki ba. Shi kuwa shekara bakwai ya yi a filin nan. Mai jifa da dama a hagu yake sa safa. Wanda safarsa ke dama, bahago ne. Kuma kafaɗar da Kaftin ya shekara talatin yana shafawa ta dama ce.

"Akwai hoton ranar kofi?"

Ta nuna masa a bango. Ya ƙirga sunayen da ke ƙasa, goma sha biyu. Ya ƙirga kawuna, goma sha uku. Kaftin na tsakiya rungume da kofi. Can a gefe akwai wani dogon saurayi da ya ja hula har gira, ya matse safa a hammata.

"Wannan fa?"

"Kaftin ya ce mai ɗauko musu ruwa ne. Ya manta sunansa."

Abdulrauf ya daɗe a mota bai tayar ba. Kunya ce ta rufe shi, ba ta Kaftin ba, tasa. Kwana uku ya bar jaki yana dukan taiki, don kawai jakin ya taɓa koya masa riƙon sanda.

Bayan la'asar ya sami Kaftin a bakin fili, yana zaune a inuwa yana kallon 'yan wasa na atisaye. Ya zauna kusa da shi. Wannan karon bai sumbaci kansa ba, kuma tsohon ya lura.

"An ga safar?"

"An kusa. Ya ammi, da wane hannu ka ci kofi?"

"Wace irin tambaya ce wannan, ya waladi?"

"Ta aiki ce."

"Da dama mana. Ga kafaɗar."

"To safar ta bahago ce."

Kaftin ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce ƙila Ɗan'inna ya ruɗe, tsufa ne, ya ajiye ta wani. Abdulrauf ya ce in haka ne, me ya sa ranar Lahadi ya kira ta safarsa? Kaftin ya ce ya ga an rubuta ne. Abdulrauf ya tambaye shi wa ya sallami Sagiru ranar Asabar, wa kuma ke da makullin ofishin da ake kashe kyamara. Ya fito da wayarsa, ya buɗe hoton, ya ɗora yatsa a kan saurayin mai hula.

"Mai ɗauko ruwa ba ya yawo da safa a hammata. Mene ne sunansa?"

Can cikin fili wani ya buga ƙwallo, 'yan wasa suka yi ihu. Kaftin bai ko juya ba.

"Barau," ya ce a hankali. "Barau sunansa."

Da bakin ya buɗe sai maganar ta zubo. A unguwar Anbariyya aka haifi Barau, gida ɗaya tsakaninsa da Muhyiddeen. Kakan Muhyiddeen ya sami takardar ɗan ƙasa, uban Barau bai samu ba, bambancin ke nan. Gasar kuwa ta 'yan ƙasa ce kawai. Barau shi ne wanda ya fi kowa jifa, Muhyiddeen kuwa ko a atisaye ba a cika sa shi ba. Sai Ɗan'inna ya ce a ba Barau katin Muhyiddeen.

"Ba wanda ya gane?"

"Alƙalan daga gabas suka zo. Ɗan ƙaramin hoto, baƙi biyu da hula. A idonsu duk ɗaya muke. Ni a benci na zauna ina miƙa ruwa. Ka ga mai ɗauko ruwan, ni ne."

Washegari jarida ta buga sunan Muhyiddeen. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ya ɗaure kafaɗa da bandeji don kada a ce ya sake jifa, abokan wasa suka rufa, don in magana ta fito kofin zai tafi.

"Ina Barau yanzu?"

Tsohon ya rufe fuska da tafin hannu.

"Wata biyu bayan nan aka yi kame a Anbariyya, aka haɗa da shi. Ya aiko uwarsa wurina. Ya ce in je in faɗa musu shi ya ci wa Madina kofi, ko za su duba. Ta tsaya a ƙofarmu tun hantsi har azahar. Na sa aka ce ba na nan." Ya sauke hannunsa. "Aka kai shi Najeriya, ƙasar da bai taɓa gani ba. Ban san ko yana raye ba. Ban taɓa tambaya ba, don kada a ba ni amsa."

"Shi ne ka sake yi wa Sagiru."

"Na ce safa ce kawai, za a yi cigiya a manta. Da ka tambayi makulli, sunansa ya fito daga bakina. Kwana uku ina cewa gobe zan je in faɗa. Wancan karon ma haka na riƙa cewa."

Abdulrauf ya so ya yi masa tsawa, amma ya rasa bakin yi. Shi ma biro na hannunsa jiya, saura ƙiris.

"Ina take?"

Tana bayan motarsa, naɗe cikin darduma. Ya ce ya kai ta bakin kwandon shara sau biyu, hannunsa ya ƙi saki. Fatar ta yi baƙi, ta tsattsage. Abdulrauf ya leƙa ciki, ya ga an ƙona haruffa huɗu na ajami da bakin ƙusa, sun dushe amma ana karantawa: Barau.

Bai sa masa ankwa ba. Ya buɗe ƙofar baya ta motar 'yan sanda, Kaftin ya shiga da kansa. 'Yan wasa suka dakata da atisaye, suka tsaya cirko-cirko da sanduna a hannu har motar ta fita.

Kafin magariba aka fito da Sagiru. Abdulrauf ya yaga takardar tarhil a gabansa, ya miƙa masa igamarsa da hannu biyu.

"Ka yafe mini, Malam Sagiru. Ban tambaye ka yadda ya kamata ba."

Sagiru ya karɓa, ya juya katin gaba da baya kamar yana duba ko an rage wani abu.

"Allah ya yahe muna baki ɗaya," ya ce. Tasallah na tsaye a gefe. Ta dubi sufeton ido cikin ido, ta juya, mijinta ya bi ta.

Abdulrauf ya koma ciki ya tarar da Saje Abdussamad, mai ajiyar kayan shaida, ya sa safar a leda yana cike takarda.

"Yallaɓai, gurbin mai kaya. In sa Kaftin Muhyiddeen ko in sa ƙungiya?"

"Kawo nan."

Ya karɓi biron, ya rubuta Barau. Saje ya leƙo.

"Sunan uba fa? Da adireshi?"

Abdulrauf ya dubi guraben biyu. Shekara bakwai ya yi a filin da mutumin nan ya ɗaukaka, amma ko sunan ubansa bai sani ba.

"Bar su haka," ya ce. "Gobe zan shiga Anbariyya in tambaya."