Abin da Dogo Yake Karantawa

"Ga katinku."

Auta ta ɗago kai daga kwamfuta. Dogo ne tsaye a gaban teburinta. Ya ajiye katinsa na shiga laburare, bai ko kalli kujerar da ya saba zama a kai ba.

"Masoyi... lafiya?"

"Rage murya, mutane na karatu." A hankali ya faɗa, kuma hakan ya fi tsawa ciwo. "Jiya na je gaida Ummanki. Ina ajiye kofin da na sha ruwa, aka ɗauke shi da tsumma, aka jefa a kwandon shara. A gabana."

Bai jira ta ba, ya ci gaba.

"Yayarki ta ce in daina zuwa, ba za su ba mai farfaɗiya 'yarsu ba. Ni kuwa a wuri ɗaya tak na taɓa furta sunan ciwon nan." Ya ɗan buga teburin da yatsa. "Nan."

Ya juya ya fita. Kunya ta lulluɓe ta, har ta kasa haɗa ido da ɗaliban da ke duƙe kan littattafansu, alhali ba wanda ya ji komai.

Laburaren kwalejin likitanci ne. Yawancin masu zuwa likitoci ne da masu bincike, amma akwai tebur ɗaya kusa da ƙofa na jama'ar gari, kuma Auta ce ke zama a kansa. Wanda aka gaya wa sunan ciwo a asibiti bai gane ba, nan yake zuwa, ta nemo masa bayani sahihi, ta warware masa maganar likitoci dalla-dalla. A nan ta san Dogo, malamin lissafi a wata sakandare. Ya zo neman sabon binciken da aka yi kan farfaɗiya, ya dawo, ya sake dawowa, har magana ta wuce ta littafi.

Tun ranar da ta fara aiki shugabar laburaren ta ja mata kunne.

"Abin da mutum ya nema a nan, tsakaninki da shi ne. Ko matarsa ce ta tambaya, ba ki sani ba. Ranar da mutane suka ji muna da surutu, wurin mai tallan magani a tasha za su koma."

Auta ta riƙe wannan da kyau, sai ranar da Yaya ke mata kitso tana tsokanarta.

"Malamin lissafi me ya kai shi laburaren likitoci? Ke dai yake karantawa."

Ita kuwa, don ta nuna nata ba ɗan zaman banza ba ne, ta yi dariya ta ce, "Wallahi karatu yake da gaske. Duk a kan farfaɗiya."

Hannun Yaya ya tsaya cak a cikin gashinta. Da ma ta daɗe tana yi wa ƙanin mijinta, mai kemis, kamfen neman auren Auta a gidan. Auta da bakinta ta miƙa mata abin da take nema.

Bayan fitar Dogo, ta tashi ta shiga ofishin shugabar, ta faɗa mata komai. Matar ta cire tabarau ta daɗe tana kallonta.

"Da littafi kika ɓatar, da na sayo wani," ta ce. "Daga gobe ki koma ɗakin ƙasa wurin tsofaffin mujallu. Ba zan iya barinki a teburin jama'a ba yanzu."

"To, Hajiya."

Ba ta roƙa ba. Ta san ta cancanta.

A gida Umma ta tsare ta a bakin ɗaki.

"Faɗa min gaskiya, Auta. Yana da ita ko ba shi da ita?"

"Ban sani ba, Umma. Ko na sani ma, ba maganata ba ce."

Yaya ta taɓe baki. "Sai yanzu kika san haka?"

Auta ta sunkuyar da kai. Abin haushin, gaskiya Yaya ta faɗa.

Ta kira Dogo a waya bai ɗauka ba. Ta tura saƙo guda, "Na ci amanarka, ba ni da hujja," ba ta ƙara ba. Kwanaki suka shuɗe tana ɗakin ƙasa, tana kaɗe ƙura tana jera mujallu, hawaye na ɗiga kan bangonsu tana gogewa da gefen mayafi.

Wata safiya ta ji takun da ta sani yana saukowa daga matakala. Ba ta juyo ba.

"An ce nan aka jefo ki."

"Nan ya dace da ni."

Ya jingina da kantar mujallu.

"Ina da ita," ya ce. "Tun ina yaro. Ina shan magani, na yi shekaru ban faɗi ba. Kin zaci don me kullum teburinki nake zuwa? Bakina ne ya kasa gaya miki, sai na sa ki karanta da idonki. Na ce in kin gama karantawa kika ci gaba da yi min murmushi, to na samu mata."

Kuka ya ƙwace mata. "Ni kuma na ɗauka na kai gida kamar labarin kasuwa... Ka yafe min, don Allah."

"Fushin bai gama sauka ba, kar in yi miki ƙarya." Ya miƙa mata hankici. "Amma na gaji da ɓoyo. Aiki na kawo miki, Malama. Ki nemo min bayani mai sauƙi, wanda uwa za ta fahimta."

"Wa za ka kai wa?"

"Ummanki. Wannan karon da bakina za ta ji."

Da yamma ya zauna a falon su Auta, takarda a hannu. Yaya na tsaye ta harɗe hannu. Ya karanta a nutse: ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba a ɗaukarsa ta yawu ko ta kofi, da yawa suna rayuwarsu lafiya da magani, su yi aure, su haihu. Ya kuma faɗi abin da ya kamata a yi idan mutum ya faɗi, bai rage komai ba.

"Umma, ai kowa zai iya rubuta..." Yaya ta fara.

"Yi min shiru." Umma ta juya ga Auta. "Daga wurin aikinku wannan ta fito?"

Auta ta kalli Dogo. Sai da ya gyaɗa kai sannan ta ce, "E, Umma."

Umma ta tashi ta shiga ɗaki. Ta dawo da ruwa a kofinta na kanta, wanda ba mai taɓawa a gidan, ta miƙa masa. Ya sha rabi ya ajiye.

Ta ɗauka ta shanye sauran.

"Ka ce wa manyanka su zo," ta ce. "Ke kuma share hawayen nan, ki koyi riƙe baki kafin ki je gidan miji."