Allura a Cikin Safar Hannu

Da hantsi Sufeto ya isa asibitin. Nas ɗin da ake kira Auta tana zaune, yatsarta a naɗe, idanunta jawur.

"Na zura hannu a safa kenan na ji suka," in ji ta. "Allura ce da aka riga aka yi wa wani, Yallaɓai. Ban san jinin wa ya shiga jikina ba."

Likita ya ce an wanke wurin, an fara ba ta maganin kariya, amma sai an yi watanni ana gwaji kafin hankali ya kwanta.

Sufeto ya ɗaga kwalin safar. Ƙanana ne sosai.

"Wa ke sa irin waɗannan?"

"Ni kaɗai. Hannun kowa ya fi nawa."

Ya gane ba tsautsayi ba ne, da ita aka yi.

Ya sa kofur ya kira mai shara, ya tambaye ta ko ta taɓa akwatin da ake zubar da allurai.

"Ni? Wallahi ko da tsinke ban taɓa akwatin allurai ba!" ta ce. "Jiya dai na ga murfinsa a ɓalle, na faɗa wa Anti, ta ce in ja bakina."

Anti ita ce nas mafi daɗewa a sashen, ita ta koya wa Auta aiki. Ta shigo tana murmushi.

"Mai shara ba ta faɗa mini komai ba," ta ce.

"An ce Auta aka naɗa shugabar sashe," in ji Sufeto.

Murmushin ya ɗan dushe. "Na taya ta murna. Ai 'yata ce."

"Kin je kin duba 'yar taki?"

"Aiki ya yi mini yawa. Kuma tana ta kuka a banza, allurar tsohon nan ce mai ciwon sukari, ba ya da wata cuta."

Sufeto ya ajiye biro.

"Anti, likita ma bai san allurar wa ce ba. Ke wa ya faɗa miki?"

Anti ta zauna daɓas a kan kujera.

"Ni na koya mata neman jijiya," ta ce. "Ni na hana ta mayar wa allura murfi, ni na ce ta riƙa sa safa. Yau kowane majinyaci sai ya ce a kira masa mai hannun sanyi, ni kamar ba na wurin. Sannan a ce in riƙa ce mata ranki ya daɗe? Na jefa allurar a akwati, daga baya na ɓalle murfin na zaro ta. Tsoro kawai na so ta ji, ta nemi canjin sashe. Shi ya sa na zaɓi mai tsabta."

Likita, da ke tsaye a bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai.

"Ɗazu sakamakon tsohon ya fito," ya ce. "Yana da ciwon hanta, mai yaɗuwa ta jini."

Anti ta dafe kai. Kofur ya sa mata ankwa.

Suna fita, Auta ta taso da gudu ta riƙe rigar Sufeto.

"Yallaɓai, kuskure kuka yi! Anti ce fa!"

Anti ta kau da fuska, ta ce wa kofur, "Mu tafi."