Madubin da Baba Ya Naɗe da Salatif

Da safe Auta ta tura ƙofar ɗakin wanke hoto, ta tarar da mahaifinta kife a ƙasa, jini ya bushe a ƙeyarsa, jar fitila tana ci. Yana numfashi, amma da ƙyar. An tafi da shi asibiti, kuma kafin azahar an sa wa mijinta ankwa.

Mutum uku ke da makullin ɗakin ban da Baba: ita, da mijin nata, da Baffa, ƙanin Baba. Ita dai Sufeton 'yan sanda da ya zo bincike ya sallame ta, don maƙwabta sun ga shigarta sun ji ihunta.

"Baffa, kana ina da safe?" Sufeto ya tambaya.

"Ina gida, ranka ya daɗe. Ido ya hana ni aikin duhu, rabona da ɗakin nan tun bara."

Sufeto ya juya ga mijin Auta. "Kai fa? An ce jiya kun yi cacar baki da surukinka."

"Cewa kawai na yi a rufe ɗakin a sayi kwamfuta," in ji mijin.

Shi ke nan, bakinsa ya ja masa. Auta ta san mijinta, mutum ne da ko ƙadangare ya shigo ɗaki sai ya kira ta. Amma wa zai faɗa wa ɗan sanda haka? Sai ta roƙi a bar ta ta duba kayan Baba.

Ta ga an yanke fim ɗaya an ɗauke daga cikin waɗanda Baba ya ɗauka ranar gobarar wani shagon katako a unguwar, wadda ta ci ran maigadi. An kuma ɗaga kan injin faɗaɗa hoto har ƙarshe, abin da ba a yi sai ana neman fuska a cikin taro. Ta sa wani fim ɗin gobarar, ta kashe farar fitila, ta ɗora ido a kan ƙaramin madubin da ake saita hoto da shi. In saiti ya yi daidai, tsaki-tsakin fim kan fito ɗaya-ɗaya kamar yashi. Hazo kawai ta gani.

Ta shafa wuyan madubin. Baba ya daɗe da murɗa shi daidai idonsa ya naɗe da salatif, idon nata kuma irin nasa ne. An ɓalle salatif ɗin, an murɗe wuyan har ƙurya. Mutum ɗaya ta taɓa gani yana haka, kuma tana jin numfashinsa a bayan wuyanta.

"'Yata, me kike nema?" Baffa ya tambaya a hankali.

Ta dafa tebur, ta kira Sufeto.

"Ranka ya daɗe, kowa ya leƙa nan, amma kar a taɓa komai."

Sufeto ya leƙa, ya ce bai ga komai ba. Mijin ya leƙa da ankwarsa, ya ce dishi-dishi ne. Baffa ya matso, ya zare tabarau kamar yadda ya saba, ya sunkuya.

"Tsaf yake. Ga tsakin nan rangaɗaɗau. Yadda Yaya ya bar shi ne, ba wanda ya taɓa."

"An taɓa, Baffa," in ji Auta. "Da tabarau ba ka iya manna ido, sai ka cire, ka murɗa madubin har ya dace da idonka. Duk ɗakin nan kai kaɗai kake ganinsa tsaf. Ka ce kuma rabonka da nan tun bara."

Sufeto ya kunna farar fitila, ya laluba aljihunan Baffa, ya sami fim ɗin a gidan tabarau. Da Auta ta sa shi a inji ta sake saiti, sai ga Baffa a gefen taro, yana fitowa daga lungun bayan shagon katakon da jarkar fetur a hannu. Da sassafe ya shigo neman fim ɗin da ya kama shi, yana kan injin ya ji tahowar Baba, sai ya ɓuya bayan ƙofa ya buge yayansa ta baya.

Aka kama Baffa, aka kwance mijinta, ya zauna a dandamali yana kuka kamar yaro. Ita ko hawaye ta kasa yi.

Da la'asar Baba ya farfaɗo a asibiti, Auta na gefensa. Ya kama hannunta, ya ce bai ga wanda ya buge shi ba, kuma yana tsoron mutumin ya dawo.

"Kar ki zauna a shago ke kaɗai, Auta. Ki kira Baffanki ya zauna da ke."