Tabawa da Igiyar Guga

A wani ƙauye, can da, an yi wata mace mai gaggawa, Tabawa. Kullum a rijiya sai ta naɗa igiyar guga a turke sau ɗaya, ta soke bakinta kamar ɗaurin zane. Kullum guga sai ya faɗa.

"Haba Tabawa! Turke ba ƙugunki ba ne," in ji mijinta, yana lalube da ƙugiya. "Zagaya biyu, sannan ki ƙulla."

"To, Malam."

Ran nan ya yi tafiya, guga ya faɗa. Ta wuni tana lalube tana tsaki, yara na kukan ƙishirwa. Da ta ciro shi, ta zagaya igiyar a turke sau biyu, ta ƙulla.

Mijin ya dawo ya ga ƙullin. Sai ya ja ruwa, ya cika mata randa.